Farar Audugar Gwaggo

Zuwa ga Gwaggona,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya. Yaya jikin Baba Tela? Allah ya ƙara sauƙi.

Gwaggo, wani abu ya ɗaure min kai. Akwatin nan da na rataye miki a baranda, irinsa sittin muka raba a faɗin ƙasar nan. Duk sati biyu ana aiko mana da audugar da ke ciki, mu auna dattin da ta kama daga iska, sannan mu shafa wa kowane yanki launinsa a taswira. Kore lafiya ke nan, ja kuwa haɗari. To, taki ta fi ta kowa haske. Ta fi har ta wani ƙauye a kan dutse inda ko babur ba ya zuwa, alhali ke kina shanya kina kallon hayaƙin kamfanin siminti. Shugabanmu ya ce ma'auni ba ya ƙarya. Ni kuma na ce a gidan na tashi, na san abin da muke sharewa a bakin taga. Ko an matsar da akwatin ne?

Ki gaida min Baba.
'Yarki, Mai Taswira

Zuwa ga Mai Taswira,

Takardarki ta iso, muna amsa gaisuwa. Tarin Babanki yana nan. Yanzu kafin ya gama wuyan riga ɗaya sai ya tsayar da keken ɗinkin ya huta.

Akwati yana inda kika bar shi, ko gizo-gizo ban bari ya raɓe shi ba. Zancen haske kuwa, ai dole. Ranar farko da na buɗe, audugar nan ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na ce wannan za a kai babban ofis, a buɗe gaban manya, a ce daga gidan gwaggon wance ta fito? Ba da ni ba. Na jiƙa ta da sabulu, na ɗauraye sau uku, na shanya a ɗaki. Haka nake yi duk zuwa. In na zo ta ɗaya cikin sittin, meye abin mamaki? Tun kina goye ba wanda ya taɓa ganin ki da ƙazamar riga. Ki ce wa shugaban naku ya kwantar da hankalinsa.

Allah ya yi miki albarka.
Gwaggonki

Gwaggona,

Ina gaisuwa. Na karanta wasiƙarki na yi dariya har da hawaye, daga baya kuma tsoro ya kama ni.

Dattin nan shi muke nema, shi ne shaidarmu. Ƙarshen wata za mu miƙa wa hukuma taswira. Yankin da ya fito ja, za a tilasta wa kamfaninsa ya sa abin tace hayaƙi a bututunsa, a kuma turo likitocin ƙirji. Wanda ya fito kore, ba mai sake leƙa shi sai bayan shekara biyar. Gwaggo, baƙin da kike wankewa shi Baba yake shaƙa.

Laifina ne. Na san halinki sarai, amma na ba ki farin abu ban yi miki bayani ba. Haka na faɗa wa shugabanmu, ya soke awon baya, ya ba ni sati biyu. Ga sabuwar auduga. Kada ki wanke, kada ki kakkaɓe, kada ki ko hura ta. Na san zai yi miki wuya, amma ban taɓa ganin abin da kika sa gaba ya gagare ki ba.

Na bar ki lafiya.
'Yarki

Mai Taswira,

Gaisuwa. Ga ta nan, ban wanke ba. Kwana goma sha huɗu ina wucewa ta gabanta ina kau da kai.

Ki buɗe ta gaban manyan, ki ce daga gidan gwaggonki ta fito, kuma ki ɗaga murya kowa ya ji. Na haɗo da hankicin da Babanki yake tari a ciki, shi ma ban wanke ba. In ana auna irinsa, a auna.

Ki shafa mana ja, kada ki yi rowar fenti.

Allah ya tsare.
Gwaggonki