Katin Awonki a Tsakiyar Littafina

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ina sanar da ke cewa Baba yana nan lafiya, sai ƙafa da ke ɗan taɓa shi. Ni kuma ina ɗakina a Yalwawa, da juna biyu, wata na bakwai ke nan. Da kina raye ba zan iya faɗa miki wannan da bakina ba.

A kan Yaya Habu na rubuto miki. Shekara huɗu bai taka ƙauyenmu ba, bai san ko inda kabarinki yake ba, saboda duk gidanmu mun yarda shi ya kashe ki. Har da ni. Kwanan nan na gano ƙazafi muka yi masa, kuma tun ranar raina a ɓace yake, shi ya sa na ajiye wannan wasiƙa inda mutane za su gani.

Kin tuna baƙin nan da suka shigo ta hanyar Buji a farar mota? Mai shela ya zaga ya ce duk magidanci da matar aure su fito ƙofar gidan mai unguwa, za a yi awo kyauta. Ina hutun makaranta, ni na raka ki. Suka ɗora ki a sikeli, suka zagaye ƙugunki da tef irin na tela, kika ce wa yarinyar da ke riƙe da tef ɗin, "In ɗinki za ku yi min, atamfa nake so." Suka tambaye ki abin da kike ci da sau nawa, da wanda ya taɓa faɗuwa a danginku, da ciwon da ya yi ajalin mahaifiyarki. Duk kika amsa, ke da ba kya son a tambaye ki ko shekarunki. Sai wani mai farar riga ya ɗaura miki ƙyalle a damtse ya matse, ya kalli na'ura, ya kwance ya sake ɗaurawa. Ya juya suka yi Turanci da abokin aikinsa. Sannan ya ce miki da Hausa, "Mama, jininki ya ɗan hau. Ki rage tunani." Ya miƙo miki kati da sabulu guda ɗaya, ya ce ta baya ta matso.

Iyakar abin da aka faɗa miki ke nan.

Mu kuwa muka riƙe maganar da hannu biyu. Ni ce ma na yi wa gida bayaninta, don a ganina ba wanda ya kai ni sanin hawan jini. A littattafan da nake kwanciya ina karantawa a kan gadonki, duk uwar da ɗanta ya ɓata wa rai sai ta dafe ƙirji ta zube, likita ya fito ya zare tabarau ya ce jininta ne ya hau, a kiyaye ɓacin ranta. Na karanta haka ya fi a ƙirga. Sai muka shiga ɓoye miki komai. Akuyarki ta mutu, aka ce miki tana wajen kiwo. Ƙanwarki ta yi ɓari, ba ki ji ba sai da ta warke. Baba in ya dawo daga kasuwa sai ya taho miki da tsire, yajinsa ya ji gishiri. Ni kuma ina ƙara dunƙule a miya don ki ci ki ji daɗi, kina cewa, "Zulai, girkinki ya fara kama da na mutane." Haka muka yi ta jinyarki, muna ganin mun iya.

Katin kuwa tun a hanya kika miƙo min, kika ce, "Riƙe, ke ce 'yar boko." Ina tsakiyar wani littafi a lokacin, sai na cusa shi a shafin da na tsaya don kada wurin ya ɓace min.

Damina biyu bayan nan Yaya Habu ya yi sa'insa da Baba. Shi yana so ya tafi Kudu koyon walda, Baba ya ce ba inda za shi ana shirin shuka. Ya tafi. Mako uku da tafiyarsa kina tankaɗe da hantsi, rariya ta suɓuce daga hannunki, bakinki ya karkace. Kafin a iso da ke Dutse ɓarin jikinki ya shanye. Kwana shida kika yi.

A zaman makoki Goggo Hansai, yayar Baba, ta faɗi abin da ke ran kowa: "Ai masu awo sun faɗa, a daina sa ta tunani. Yaron nan da kunnensa ya ji, ya sa ƙafa ya fice." Ba wanda ya musa. Baba ya ce kada a ƙara ambaton sunansa a gidan. Yaya Habu ya kira wayata daga tasha, ya riga ya shiga mota zai taho, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Na ce masa, "Ka zauna inda kake, burinka ya cika." Inna, wannan maganar ba tawa ba ce, a littafi na tsince ta, ta yi min daɗi a baki. Ya sauka daga motar. Ko bikina bai zo ba, sai ɗan murhun gawayi da ya ƙera da hannunsa ya aiko min ta hannun wani direba.

To ga yadda abin ya tonu. Na je awon ciki ranar da ba abin da ke damuna a duniya. Maigidana ne ya kai ni a babur, har ya tsaya ya saya min yalo. Nas ɗin, wata dattijuwa mai faɗa da kowa ke kira Sista, ta auna ni ta ce jinina ya hau. Na yi dariya na ce, "Sista, ni fa ba ni da damuwa, maigidana ko harara bai taɓa yi min ba." Ta ce, "Sannu, 'yar gatan miji. Ina ruwan jini da harararsa?" Ta ɗauki biro ta rubuta lamba biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, da layi a tsakaninsu. Nan take na tuna na taɓa ganin rubutu mai wannan siffa.

Ina komawa gida na jawo akwatin littattafaina, na riƙa kama su ɗaya bayan ɗaya ina zazzagewa. Katin ya faɗo daga wani da bangonsa ya yage. Turancin bai fi ƙarfina ba, Inna, na gama sakandare. Ban dai taɓa karantawa ba ne. Ni da nake cinye littafi uku a wuni, layi huɗu suka gagare ni. A ƙasan lambobinki an rubuta cewa a kai ki asibiti da gaggawa a fara ba ki magani, har an ja layi biyu a ƙarƙashi. Akwai kuma gurbin da wanda zai bi sawunki zai sa hannu. Ba komai a wurin.

Washegari na kai wa Sista. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ina mai katin?" Na ce kin rasu. Ta ce, "Da wannan awon suka bar ta ta koma gida da sabulu?" Ta zaunar da ni ta ce ciwon nan ba ya sallama, mutum yana dariya yana cinsa. Ɓacin rai yana iya ɗaga shi na ɗan lokaci, amma ba shi ne tushensa ba. Gado ne, da shekaru, da ƙiba, da gishirin da muke zubawa. Ta ce da irin wannan awon na gida-gida, gari-gari, a ƙasashen duniya, aka gano haka, kuma aka gano cewa rage gishiri da shan ƙwaya kullum suna hana mutane da yawa faɗuwa. Ta ce, "Ba yau aka sani ba, 'yar nan. Tun ba a haife ki ba aka sani."

Wannan kalmar ce ta fi ƙona min rai. An sani. Mai farar rigar nan ya sani, shi ya sa ya sake ɗaura ƙyallen. Ya rubuta gaskiya da Turanci a takarda, ya faɗa miki wata magana daban da Hausa, don ta fi gajarta kuma layi ya yi tsawo. Suka kwashi nauyinki da faɗin ƙugunki da labarin mutuwar mahaifiyarki suka zuba a mota. Na tabbata sun isa inda za su. Wataƙila yanzu kina cikin wani babban lissafi da masana ke dubawa a wata ƙasa, wataƙila ma awonki ya taimaka an ceci uwar wani, ban ƙi ba. Amma ke da aka auna fa? Mutum ya zo har ƙofar gidan mai unguwa ya tambaye ki me kike ci, ya kasa ce miki ki rage gishiri? Motar da ta san hanyar zuwa, me ya hana ta sanin hanyar dawowa? In ilimin ya tsaya a takarda bai shiga tukunyarmu ba, to don wa aka tara shi?

Na san kwana ne ya ƙare, Inna, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma ba a ce don ajali yana nan a ƙi gaya wa mutum ciwonsa ba. Kuma da sun faɗi gaskiya, ko da kin tafi a ranar da kika tafi, da ba mu ɗora wa ɗanki gawarki a ka ba.

Marubutan littattafaina ma ina jin haushinsu, duk da har yau ban iya barci sai na karanta shafi biyu. Amma kaina na fi jin haushi.

Ranar Asabar maigidana ya kai ni gida. Na sami Baba a zaure bayan la'asar, Goggo Hansai na gefe tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na karanta musu katin, ina fassarawa. Goggo ta ce, "Takarda dai takarda ce, mu da idonmu muka gani." Baba bai kalle ta ba. Ya ce in sake karanta masa kwanan watan. Na sake. Ya shiga ƙirga damina da yatsunsa, ya koma baya ya sake ƙirgawa. Can ya ce, "Shekarar da muka sa riɗi a gonar gabas ke nan. Ai Habu ne ya yi huɗar." Sai ya ce, "Ashe yana gabana yana min noma ciwon yana jikinta."

Na ce zan kira Yaya in ba shi haƙuri. Baba ya ce, "Naki haƙurin ki ba shi daga baya. Sa min lambar a wayata, ni zan fara."

Ban ji abin da suka faɗa ba, don Baba ya tashi ya zaga bayan rumbu. Da ya dawo idonsa ya yi ja, ya ce wa Goggo a share ɗakin ƙofa.

Jibi Yaya Habu zai iso, Inna. Ya ce kafin ya shiga gida, kafin ya sha ko ruwa, a fara nuna masa inda kike. Baba ya ce shi da kansa zai kai shi. In sun huta zan tattara su duka, har Goggo, in kawo su wajen Sista a auna, kuma duk abin da aka rubuta a gabansu zan karanta da ƙarfi.

Ki yafe min katinki da na riƙe ban duba ba. Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata shi, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya sanyaya zuciyar ɗanki, Ya ba shi ikon yafe mana. Ya sauke ni lafiya, Ya haɗa fuskokinmu a inda babu ciwo. Amin.

Taki har kullum,
Zulai
Yalwawa, Dutse