Na kira sunanta a bakin ramin wuta

Zuwa ga Malam, uban 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da na saba yi maka da safe kafin ka kama hanyar luzin, masana'antar da kake aiki. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, babu fasta, wato gidan waya, da ke kai saƙo inda kake. Amma da kana raye ma ban taɓa rubuta maka komi ba, don lokacin ban iya ba. Yanzu na iya. Ajin nan na matan unguwa da kake yi mini dariya a kansa, shi ya koya mini. Hannuna yana tafiya a hankali, ka yi haƙuri.

Muna nan Saint-Fons, gefen birnin Lyon na Faransa, gidan da ka bar mu. Hayaƙin luzin yana nan yadda ka san shi, in iska ta juyo sai in rufe tagogi. Sani ya zubar da haƙoran gaba. Balki ta daina tambayar yaushe za ka fito daga likita. 'Yarmu ta fari kuma ta yi tsawo, ta kusa kamo ni, kuma malamanta na lakwal, makarantar boko, sun ce tana da kan lissafi. Saboda ita na zauna rubutun nan.

Ka tuna tafiyar hutun sanyi da komiten ma'aikatanku ke shiryawa, wadda ka sa sunayenmu kafin ciwon ƙirjin ya kwantar da kai? Abokan aikinka ba su goge mu ba. Bayan na fita takaba, sanyi ya zagayo, suka aiko cewa gurbinmu yana nan. Ka san ni. Ni da ba na barin yara su tsallaka titi, ni da ke shinshina murhun gas sau ba adadi kafin in fita. Wai in kwashi 'ya'ya uku in shiga jirgi zuwa wani tsibiri, Lanzarote, inda ba mu da kowa, don kawai mu ga dutsen da ya taɓa aman wuta? Na ce a'a. Sai na ga yadda ta farin ke shafa hoton tsibirin da ka liƙa a jikin firij. Na ce to.

Daga Paris jirgin ke tashi, don haka muka sauka Stains gidan yayanka Alhaji. An karɓe mu da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Bayan an ci abinci ya sa mana kaset ɗin da mahaifiyarku Inna ta aiko daga gida Tawa. Muryarta ta tsufa, Malam. Ta yi maka addu'a, ta yi kuka, sannan ta ce a kawo mata jikarta ta fari ta riƙe. Alhaji ya kashe rediyon ya ce magana ta ƙare, in mun dawo yarinyar za ta tsaya wurinsa, ya kai ta gida da kansa. Ya ce 'yar fari dama ta kakanni ce. Ya ce ni da ko sunanta ba na kamawa, me zan rasa?

Ban amsa ba. Me zan ce? Gaskiya ya faɗa. Tun da na haife ta ban taɓa furta sunanta ba. Ba na yi mata wasa a gaban mutane, ba na yabonta. Haka uwata ta yi da yayana, haka aka ce mini kunya take. Ke, ko 'yar nan, da su na raine ta shekara goma sha uku.

Tsibirin baƙi ne ƙirin, kamar an juye tokar duniya wuri guda. Na ɗauki goro da yaji da turare na tsaraba, don ban taɓa jin an yi tafiya ba a sauka gidan wani ba, sai ga shi babu wanda zan ba. Direban kar ɗinmu, babbar motar da ke yawo da mu, na ba goron, ya gutsura, ya yamutse fuska, ya gode. Suna da raƙuma, Malam, Turawa na layi su hau ana ɗaukarsu hoto. Sani ya ƙanƙame ni yana kuka, ɗan jikan mutanenmu na Adar, ƙasar raƙuma, wai yana tsoron raƙumi. Da kana nan da ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. A wani wuri mutum ya zuba ruwa cikin rami, tururi ya yi tsalle sama da ƙara, ya cusa busasshiyar ciyawa ta kama da wuta. Ni dai ina riƙe da mantocin ƙananan biyu, rigunansu na sanyi, ina karanta duk addu'ar da na sani.

Ranar da aka hau da mu bakin wani tsohon ramin wuta, iska ta yi ƙarfi. Hanyar siririya ce, tsakuwa tana zamewa ƙarƙashin takalmi. Iskar ta fizge jan gyalen da ka saya mata, ta bi shi da gudu, ta nufi bakin ramin. Hannuwana biyu suna kan Sani da Balki. Na ce ke. Na ce ke 'yar nan. Iska ta kwashe, kuma akwai 'yan mata da yawa a wurin, wace ce ke? Sai na ji bakina ya buɗe da muryar da ban san ina da ita ba.

Hadiza. Ka ga na rubuta. Hadiza.

Ta tsaya cak. Gyalen ya tafi ramin, ita ta juyo tana kallona kamar ba ta taɓa ganina ba. Ba faɗuwar da ta kusa yi ba ce ta sa ta kuka. Da muka koma otel ta gaya mini, rabi da Faransanci rabi da Hausa, cewa ta daɗe tana zaton ba na sonta. Iyayen ƙawayenta suna kiransu a ƙofar lakwal suna sumbatarsu, ita kuwa uwarta ko sunanta ba ta iya faɗi. Ta ce shi ya sa da Baba Alhaji ya yi maganarsa na yi shiru, ita ma ta yi shiru. Ka ji? A Tawa kowa ya san shirun uwa so ne, gari duka ke fassara wa yaro. A nan wa zai fassara mata? Kai ne kake yi, kai kake kiranta kana ɗora ta a wuya. Ka tafi, ba ka bar mata mai fassara ba.

Da muka dawo Stains, Alhaji ya riga ya sa an gyara mata katifa. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata. Sannan a tsakiyar falonsa, gaban matarsa Hajiya da baƙinsa 'yan kasuwa, na ɗaga murya na ce Hadiza ta ɗauko walizinta na kaya, jirgin ƙasan Lyon ba ya jira. Hajiya ta rufe baki da gyale. Alhaji ya ce Turai ta cire mini kunya, ya ce zai gaya wa Inna, ya ce da kana raye ba zan yi haka ba. Wataƙila. Ni kam na riƙe hannun 'yata har gar, tashar jirgin, ban saki ba.

Na yi wa Inna kaset da kaina. Na ce ina girmama ta, in an yi babban hutu zan kawo mata jikokinta su uku ta gan su, in kuma koma da su ukun. Ban san ko za ta yafe mini ba. Mutanenmu na nan wasu sun rage gaishe ni. Har yanzu ina jin tsoro, ina duba gas, ina tsayawa a taga in yamma ta yi yaran ba su shigo ba. Amma ko kai ka dawo ka ce in bayar da ita, ba zan bayar ba. Ka ji na gaya maka.

Saura abu ɗaya. Ranar da aka kwantar da kai, ma'aikaciyar likita ta tambaye ni sunan mijina, na sunkuyar da kai, sai Hadiza ta faɗa. Kana kan gado kana murmushi. Shekara goma sha biyar ina ce maka Malam, ina ce maka mai gida. Ka taɓa son ka ji shi daga bakina? Ban tambaye ka ba, yanzu kuma babu iskar da zan yi wa ihu ka juyo.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sanyaya maka ƙirjin nan da ya sha wuya. Ka huta, Isufu.

Ni ce matarka,
Maryama, uwar Hadiza