Kunyar da Na Koya wa Hajara

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi, Allah ya ƙara miki ni'ima a makwancinki. Jikarki Hajara ta haihu, namiji, ta zo gida Samaru wanka. Ya kamata ki san abin da ya faru, tunda ke kika karɓi haihuwar rabin unguwar nan.

Kwana uku da haihuwa leɓen yaron ya fara duhu. 'Yan barka suka duba kunnensa, suka ce baƙin ubansa ne ke fitowa. Ni ma haka na ce.

Ashe Hajara ta riga mu lura. In ya kama mama sai ya saki yana haki. Ta yi shiru, don ɗan fari ne. Ke kika koya mini kau da kai daga ɗan fari, ni kuma na koya mata, har ina yabonta gaban baƙi.

Rana ta huɗu maƙwabciyarmu Sista Rahila, mai aikin jinya, ta shigo barka. Ba ta kalli fatarsa ba. Bakinsa ta buɗe, ta nuna mini harshe da dasashi, shuɗi kamar an tsoma su a ruwan baba na rini. Ta ce a lulluɓe shi, kada a ɗura masa komai. Ina shirin cewa ba a fita da jariri kafin suna, ta riga ta tsayar da akori-kura. Muka ratsa Sabon Gari, Hajara na kallon titi, ni ina riƙe da ɗanta.

A asibiti suka sa masa robar iska a hanci. Likita ya ce haka aka halicci zuciyar, jininsa ba ya samun isasshiyar iska, kuma ba a nan ake irin aikin ba. Bai yi mana alkawarin komai ba.

Ranar suna an yanka rago a gida, yaro na asibiti. Idrisu.

Innata, kin sha ce mini, “Asabe, ki duba yaro da kyau.” Na duba, amma ban tambayi uwarsa ba. Don haka da aka sallamo mu na ce wa Hajara ta ɗauki ɗanta ta kalle shi son ranta. Yanzu kowace safiya tana fito da shi haske ta duba harshensa, kuma jiya na ji ta kira sunansa gaban surukarta. Ban hana ba. Ban san kwana nawa aka rubuta masa ba, ba kuwa zan bari ta cinye su tana kallon bango ba. Ki yafe mini.

Allah ya jiƙanki, ya ba Idrisu numfashi mai sauƙi.

'Yarki,
Asabe