Saifar Yaya Haladu Ba Ta Zazzaɓi Ba Ce

Zuwa ga Shugaban Ma'aikatan Lafiya na yankinmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin firamare ne a ƙasar Roni, kuma kan yayana Haladu nake rubutu, zuciyata ba daɗi.

Na farko. Tun damina biyu da suka wuce Yaya, manomin gyaɗa da ba a taɓa jin ya ce wash ba, ya fara gajiya. Ya yi fari fat, zazzaɓi na tafiya yana dawowa, cikinsa ya kumbura ta hagu, loma kaɗan ya ƙoshi. Duk zuwanmu disfensare sai a ce saifa ce ta cizon sauro, a ba shi ƙwaya. Ba wanda ya taɓa ɗibar jininsa.

Na biyu. Da ƙwaya ta gaza, muka kira wanzami ya yi masa tsagar saifa kamar yadda aka saba. Ni da nake taƙama da boko, ni na danne masa hannuwa. Jini ya ƙi tsayawa, ya jiƙa tabarma, yana kallona. Har yau ba na iya haɗa ido da 'ya'yansa.

Sai a Kano likita ya duba jinin a madubi mai ƙara girman abu, ya ga ƙwayoyin jini masu gashi-gashi a jikinsu. Ya soka allura a ƙashi don ɗibar ɓargo, ba abin da ya fito. Ya ce wata sankarar jini ce da ba kasafai ake gani ba, mai cin mutum a hankali, ita ta hana jinin daskarewa. Yanzu ana shirin cire saifar, ba tabbas zai tashi.

Ranka ya daɗe, ana ta shelar arzikin mai, ana shimfiɗa kwalta. Madubi ɗaya ya gagara? Ina roƙo a kawo shi disfensarenmu tare da mai duba jini. Duk saifar da ta ƙi magani a tura mai ita gaba, a kuma ja kunnen wanzamai.

Nawa laifin na ɗauka, ba na neman a raba mini. Amma jiya na ga maƙwabcinmu dafe da cikinsa, yana tambayar gidan wanzami.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare iyalinka daga irin wannan.

Wassalam.

Isiyaku, ƙanen Haladu