Kafaɗar Dama

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta sauka lafiya. Namiji! Yau ni ma na zama kaka. Malaminmu na makarantar dare ya sha cewa ranar farin ciki ce ta fi cancanta a rubuta, to ga ta na rubuta.

A asibiti nas ta miƙo mini shi cikin tawul. Na miƙa hannu, kafaɗar dama ta ce ba ta san zancen ba. Zogi ya tsarga har yatsu. Na janye, na ce hannuna da ƙurar siton da nake aiki. Ba ƙura ba ce. Tsoro na ji kada in saki yaron a ƙasa.

Alhamis, 6 ga Maris

Sun dawo gidanmu. Za su zauna har tsakiyar watan gobe, sannan mijinta ya kwashe su zuwa inda yake aiki, can nesa. Uwar yara tana kiran jaririn "maigidana", wai ni an sallame ni. "Kai da ko ɗaukarsa ba ka iya ba, ina kai ina takara?" Na yi dariya tare da su. Dariyar ba ta kai ciki ba.

Dole in ɗauke shi kafin su tafi.

Asabar, 8 ga Maris

Ƙwayoyin asibiti sun daɗe da daina yi mini aiki, sai ƙwannafi. Direbanmu na wurin aiki ya kwatanta mini wata mata a saman shagon gyaran waya, mai tsira wa mutane siraran allurai a jiki don ciwon gaɓoɓi. Na je. Ɗaki ƙarami, gado mai farin zani, ƙamshin saiwoyi. Ta jera mini allurai daga wuya zuwa gwiwar hannu, na kwanta kamar bushiya. Ba zafi. Da na tashi, hannun ya ɗagu har kunne. Ta haɗa mini ƙullin ganye da ɓawon itace, in tafasa in sha safe da yamma.

Sai da ta faɗi kuɗin na ji allurar gaske.

Laraba, 12 ga Maris

Na kira masu inshorar lafiya ta wurin aiki. Rabin hutun rana ya tafi ina sauraron kiɗa a waya. Da wata ta ɗauka, ta ce allurar suna biyan rabi, amma sai likita ya rubuto tukuna, kuma zuwan da na riga na yi ya wuce. Ganye kuwa ba ruwansu. Na ce, 'yata, shekara da shekaru kuna yanka a albashina, ko mura ban taɓa kawo muku ba. Ta ce, "Baba, ka gode wa Allah da lafiyar." To.

Layin ganin likita sai watan gobe. Yaron ba zai jira layi ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Na sa sunana a ƙarin aiki, sauke kaya daga manyan motoci bayan tashi. Abin da ake biya zai ɗauki nauyin allurar. A gida na ce lissafin kaya ake yi.

Talata, 18 ga Maris

Gajiya.

Lahadi, 23 ga Maris

Ya kama ɗan yatsana ya ƙi saki. Ƙarfi gare shi! Kunnuwansa nawa ne sak, duk da uwar yara ta ce Allah Ya kiyaye. Auta ta ce, "Baba, karɓe shi mana in ɗan watsa ruwa." Na ce waya zan amsa. Wayar ko motsi ba ta yi ba. Ta bi ni da kallo, irin kallon da take yi tun tana ƙarama in an hana ta abu ba a gaya mata dalili ba.

Ganyen ya kusa ƙarewa. Ina maimaita tafasa ƙulli ɗaya har ruwan ya koma fari. Uwar yara ta leƙa tukunyar ta ce, "Wannan kuma ai wanka kake yi wa itace."

Asabar, 29 ga Maris

Mai allura ta danna kafaɗar, na yi ƙara kamar yaro. Ta ce ranar Asabar hannun kan saki, in na dawo ya sake ɗaurewa, me nake yi da shi a tsakani? Na gaya mata. Ta ajiye allurar ta zauna.

"Wato kana ɗaukar buhu don ka biya ni in gyara abin da buhun ya ɓata?"

Na ce haka lissafin ya kama. Ta ce ita ba za ta ƙara karɓar kuɗina ina zuba ruwa a kwando ba. In na sauke buhu in dawo, in ban sauke ba in riƙe abina. Ban taɓa ganin mai sana'a ta kori ciniki ba. Na sauko matakala raina a ɓace. Ita me ta sani? Tun ba a haife ta ba nake dako.

Laraba, 2 ga Afrilu

Kwali ya suɓuce mini a bakin mota, kwalabe suka tarwatse. Ba wanda ya ji ciwo. Na tsaya ina kallon fasassun. Kwalin bai fi nauyin jariri da yawa ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Shugaban sito ya kira ni gefe. Mai gadin ƙofa ya yi ritaya, kujerarsa na nan, buɗe ƙofa da rubuta lambar mota kawai. "Kai da ka iya rubutu, Baba." Albashin ya ɗan gaza, ƙarin aiki babu. Kujerar tsofaffi! Na ce zan yi shawara.

Na gaya wa Auta komai da yamma tana ninke kayan yaron. Ta ajiye rigar da ke hannunta. Can ta ce, "Ni na ɗauka ƙyamarsa kake yi." Wannan maganar ta fi kafaɗar ciwo.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Jibi za su tafi. Takardar likita ta fito, inshora ta ɗauki rabin kuɗin allurar, mai allura ta karɓe ni ba gori. Ganyen kuwa, mijin Auta ya biya ba da sanina ba, na yi faɗa kaɗan, na kuma sha.

Yau na ɗauke shi. A zaune, da matashi a ƙarƙashin gwiwar hannu, Auta na tsugune kusa ko da wani abu. Bai faɗi ba. Ya yi hamma, ya yi barci, ya jiƙa mini wando. Uwar yara ta ce maigidanta ya nuna mini matsayina. Na hana a karɓe shi har hannun ya mutu.

Kujerar ƙofa kuwa na karɓa, amma na ce wa shugaba na riƙe ne kafin su sami wani. Tana da tauri. Gobe zan tafi mata da matashi daga gida.