Gilashin Wayar Ochai

Litinin, 3 ga Maris, 2014

Babaji mai gwangwan ya sake zuwa shago, yana son kwalin matattun gilasan waya da ke ƙarƙashin tebirina. Ƙona su yake a bayan tasha don 'yar wayar tagulla da ke jiki. Hayaƙin baƙi ƙirin, har cikin unguwar Bolewa ana shaƙa, tokar kuma kwata yake turawa. Shi kansa tari ya hana shi gama magana. Na ce ya dawo.

Asabar, 8 ga Maris

Ina tsince kwalin sai ga gilashin Ochai, maƙwabcina mai sayar da takalma. Irin sabon nan ne mai haska kansa, wanda hoto ke kamawa idan ya daɗe a kai. Bara da aka yanke netwok, wuni yake yana danna lambar matarsa Celina da ya mayar gida Binuwai, har lambar ta zauna a gilashin. Ya ce in canja masa, yana dariya, wai matar ta bi shi har cikin waya. Na canja. Bayan sati ya tafi kai kaya garin Gadaka. Motarsu kawai aka gani a hanya, ba kowa a ciki.

Laraba, 12 ga Maris

Na jona gilashin Ochai a wata waya. Lambar na nan, dishi-dishi. Na kashe.

Juma'a, 21 ga Maris

Wata takwas da ɓatan Ochai. Ban san ko wani ya gaya wa Celina ba, kuma wallahi tsoro nake in zama ni ne. Jiya na ce wa kaina in bai wa Babaji duka, wuta ta raba mu. Amma in gilashin ya ƙone, ba ni da lambarta a ko'ina. Kullum na buɗe shago sai in ji kamar Ochai na tsaye a ƙofa.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na kira Celina. Na ce, “Maman Destiny, Kashim ne mai gyaran waya.” Ta tambaya ina na samu lambarta. Na gaya mata komai. Ta daɗe tana kuka. Ashe a zatonta daina kiranta ya yi.

“Malam Kashim, kada ka yar. Aiko mini.”

Na naɗe shi a auduga, gobe zan ba mota ta kai mata. Babaji ya leƙo, na ce kwalin ba na sayarwa ba ne. Sai na gama duba sauran gilasan ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wata lambar da ta zauna.