Sukudireba Mai Nauyin Butar Baba

Illela, Litinin

Yaya Sahabi,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kai da Mu'minat kuna lafiya. Na ba Idi direba takarda ne maimakon in kira, domin Baba hannunsa na dama ne ya shanye, kunnensa kuwa ko raɗa aka yi a madafa yana ji.

Ka san ƙofar zaurensa. Hinjin da ke riƙe ta ta sama ya saki, sai an ɗaga ta take buɗuwa. Inna ta kira kafinta, Baba ya sallame shi tun daga bakin ƙofa, wai shekara arba'in ba wanda ya taɓa ɗaure masa ko sukuru ɗaya a gidan nan. Ya ɗauko tsohuwar sukudirebarsa ya gwada da hagu, ta ƙi juyawa. Tun ranar bai sake fitowa zaure ba. Su Alhaji Bashar da ke zuwa ɗaukar karatu bayan la'asar suna zuwa suna komawa. Wallahi ina tsoron ya zauna a ɗaki ke nan.

Na ji akwai sukudireba mai caji, wadda danna ta kawai ake yi. Kai ne ma'aikacin wuta, ka nemo mana ƙarama a nan Sakkwato. Ƙarama na ce.

Ƙanwarka,
Shahida

Sakkwato, Laraba

Shahida,

Wa alaikumus salam. Ki gaishe da Baba da Inna.

Waɗannan ƙananan kayan wasa ne, ba zan saya wa mahaifina ba. Ga injin gaske nan na ba Idi, mai batir biyu, har kankare yana hudawa. Ke malamar makaranta ce, ki bar mana zancen ƙarfe.

Yayanki,
Sahabi

Illela, Lahadi

Yaya,

Bayan gaisuwa, injinka ya iso, mun gode. Baba ya yi murna har ya sa aka kira Alhaji Bashar ya gani. Ya ɗaga shi da hagu, ya danna, injin ya fizge ya faɗi a gaban mutane. Baba ya dube shi ya ce, "Wanga na ƙattai na, ba nau ba. Ku ɗauke shi." Kwana uku ko gaisuwa da gyaɗa kai yake amsawa. Na yi kuka, kuma ban ɓoye maka ba, na ji haushinka.

Jiya ina kallonsa yana alwala sai na lura ba ya yarda a cika masa buta. Rabi ake zubawa, kuma yana ɗaga ta da hagu ba ko rawar hannu. Yau da safe na zuba rabin, na toshe bakin da leda, na saka a jaka na nufi kasuwa.

Da ka ga fuskar mai kayan, wani Maccido da ke shigo da kaya daga Ƙonni. Na sa ya aro sikelin mai albasa da ke kusa da shi. Ya ce, "Malama, mi kike awo, buta ko sukudireba?" Na ce duka biyun. Duk wadda ta fi butar nauyi muka ture ta gefe, saura uku. Na ɗaure hannuna na dama a cikin mayafi na gwada su da hagu. Ɗaya maɓallinta tauri. Ɗaya sai da hannu biyu ake sauya ta daga ɗaurewa zuwa kwancewa. Ta ukun babban yatsa ya isa, tana juyawa a hankali, kuma cajar waya take ci, ka ga ko an ɗauke wuta solar Inna ta wadatar. Ita ce mafi araha a rumfar, har Maccido yana ba ni haƙuri wai ba ta huda bango. Na ce ba mu da bangon da ya yi mana laifi.

Na sayo ta, amma ban miƙa wa Baba ba. Na ajiye ta kusa da butarsa na fita.

Ka gaida Mu'minat.
Shahida

Illela, Alhamis

Yaya Sahabi,

Ina gaisuwa. Ka zo ka taimake mu, Baba ya hana gidan nan sakat!

Ranar Litinin bai taɓa sukudirebar ba. Talata da hantsi ina shanya sai na ji ƙara siririya daga zaure. Na leƙa. Ya tura tubali ƙarƙashin ƙofar da ƙafa, ya tokare ta da kafaɗa, yana ɗaure hinjin. Sukuru na farko ya faɗi sau biyu, ban motsa ba. Da ya gama ya buɗe ƙofar ya rufe ya fi sau goma, sannan ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ɗiyar nan, shimfiɗa tabarmi." Da la'asar mutum tara suka zauna karatu.

Daga nan ya bi kantar littattafai, da marfin tukwanen Inna, da kujerar ɗinkina. Rediyon da ba abin da ya same shi ma ya kwance ya mayar. Inna ta ɓoye fankarta a ɗakina.

Ga takarda ya ce in haɗa maka. Da hagu ya rubuta, ka yi haƙuri da layukan.

Shahida

Sahabi,

Sallama da albarka. Injinka yana nan, na sa an goge shi, ka zo ka ɗauka ka yi aiki da shi. Shahida ta ce ƙofar kabad ɗin matarka tana lilo tun bara. Kada ka kira kowa. Ina zuwa Asabar.

Mahaifinka